Idan Wani Ya Riga Ka Buga Labarin da Ke Ranka

A bara na kammala rubuta wani ɗan littafin yara mai hotuna, labarin wata yarinya da mahaifiyarta ta aike ta cefane, tana tafe tana rera sunayen kayan miya don kada ta manta, amma duk abin da ta ci karo da shi a hanya sai ya kutsa cikin waƙar ya ture ɗaya daga cikin kayan. Ina cikin neman mai zane sai wata malamar firamare ta nuna mini wani tsohon littafin Turanci wanda kusan a kan wannan tunanin aka gina shi. Jikina ya yi sanyi, na ajiye aikin na tsawon watanni. Yanzu ina ganin bai kamata in ajiye ba, kuma ina so 'yan uwana marubuta su ji dalilina.

Ta fuskar doka maganar ba ta da tsawo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare kalmomin da marubuci ya tsara da hotunan da mai zane ya zana, kuma kariyar rubutu tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Shi kuwa tunanin cewa an aiki yaro ya manta saƙo, babu wanda ya mallake shi, domin babu gidan da ba a taɓa yin haka ba.

Adabinmu ma ya riga ya ba mu amsa. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma ya narkar da su cikin fadar sarki da bakin aku da karin maganar Hausa, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta a cikinsu.

Abin da nake adawa da shi, kuma yana damuna ƙwarai, shi ne a ɗauki littafin wani a mayar da sunan yaron Musa, a mayar da kare akuya, a sa wa uwar ɗankwali, sannan a ce an sabunta. Littafin yara mai hotuna galibi shafi 32 ne, kalmominsa kaɗan ne, saboda haka ransa yana cikin tsarin shafukan: inda aka dakata, da abin da aka ɓoye sai yaro ya juya shafi ya gani, da abin da hoto ya faɗa wanda rubutu ya yi shiru a kansa. Wanda ya bi wannan tsari shafi bayan shafi ya kwashi aikin mutum ne, ko da bai maimaita jimla guda ba. Mafi muni shi ne a miƙa wa mai zane littafin a ce ya yi irinsa, domin an jefa shi cikin laifi kuma an tauye basirarsa, alhali yaranmu suna buƙatar ganin soro da rumfar kasuwa irin waɗanda suka sani.

Ni abin da na yi shi ne na mayar wa malamar littafinta ban sake buɗe shi ba, na zauna ina tambayar kaina abin da zai faru da wannan yarinya a kasuwar unguwarmu. Nan na gane cewa ba za ta koma gida hannu wofi ba, saboda mai kayan miya ya san mahaifiyarta, kuma ya san girkin gidansu. Da ta iso tana hawaye, babu abin da ya rage a bakinta sai daddawa, ya tambaye ta ko tuwo aka ɗora, ya gane miyar kuka za a yi, ya haɗa mata kuka da barkono da busasshen kifi. Wannan dattijo ba ya cikin rubutuna na farko, ba ya cikin littafin Turancin, amma yanzu shi ne ya riƙe shafuka goma na ƙarshe, kuma a makon jiya mai zane ya turo mini hoton rumfarsa.