Alhaji Bakano a Masaukin Babu

An kwana ana ruwa a Jos, gari ya waye da irin sanyin nan da ke sa mai gemu ya rungume kofi kamar jariri. A teburin mai shayi da ke bakin tashar Bauchi Road, Malam Bazazzagi na zaune da tsohuwar jarida, Jauro ya jingine sandarsa yana hura shayi. Sai ga Alhaji Bakano ya ɓullo bayan sati biyu ba a gan shi ba, wuyansa duk ƙuraje.

MAI SHAYI: A'a'a! Maraba da mutanen Kenya! Alhaji, an sha hanya. A haɗa mai kauri?

BAKANO: Rabin kofi. Madara ta leƙa kawai ta koma. Burodi na taho da nawa.

BAZAZZAGI: Hali zanen dutse. Mutum ya keta hazo ya ƙetare ƙasashe, ya dawo da guntun burodi a aljihu. Waɗannan ƙurajen fa, tsarabar ke nan?

BAKANO: Bawa ba ya tuhumar ubangidansa. Cizon sauron ƙasar waje ne, ko shi ya fi na Zariya aji.

JAURO: Aradu Alhaji ka rame. Ba ciyawa a ƙasar ne?

BAKANO: Bari kai dai, Jauro. Surukina ne, mijin babbar 'yata, ya ce Baba, bana a Lamu za ka yi Mauludi. Ya yanka tikiti, Legas zuwa Nairobi, Nairobi zuwa can. Ya kuma danƙa mini kuɗin otal na kwana biyar, wai a wani ƙauye Shela, inda Turawa ke shanya jikinsu a kan yashi kamar kuɓewa. Na lissafa kuɗin kwana ɗaya, sai na ga turamen atamfa suna tafiya. Na ce barcin da ido rufe ake yin sa, me zan gani da za a caje ni haka?

BAZAZZAGI: Lamu kuwa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Tsibiri ne a Tekun Indiya, can arewacin gaɓar Kenya, wajen shekara 700 ana zaune a cikinsa ba a taɓa watsewa ba. A 2001 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

BAKANO: Na shaida. Katifar da na kwana a kai ma da ita aka kafa garin.

MAI SHAYI: To ya aka yi, Alhaji? Fara daga farko.

BAKANO: Tun daga sauka na gane an shirya wa baƙo. Filin jirgi yana wani tsibiri, Manda, garin kuma yana wani tsibirin, ruwa a tsakani. Sai ka biya kwale-kwale. Da muka taka tudu na ce wa yaron da ya ɗauki jakata, ina hanyar cikin gari? Ya girgiza kai ya ce, hakuna gari. Wato wai babu gari.

MAI SHAYI: Subhanallahi! To daji aka sauke ka?

BAKANO: Ga gidaje ina gani, ga masallatai, yaro na ce mini ba gari. Wani Babarbare da muka hau kwale-kwale tare, wanda ya yi karatu a Mombasa, shi ya ce mini ai gari a bakinsu mota ke nan.

JAURO: Babarbare ka bi? Shi ya sa ka rame. Bawana ne, ko kansa bai iya kaiwa gida ba.

BAKANO: Ai kuwa gaskiya ya faɗa. Mota sai tsiraru, irin ta asibiti da ta hukuma, babura kuma iyakarsu bakin ruwa. Lungunan sun fi na Kasuwar Kurmi matsi. In jaki ya taho da kaya sai ka manne da bango kana salati. Yashi jaki, bulo jaki, siminti jaki. Dubbai ne, Jauro, har asibitinsu daban, an ce tun 1987 aka buɗe.

JAURO: Jaki da asibiti! Shanu fa, an yi musu jami'a?

BAKANO: Ko ƙaho ban gani a lungunan ba. Na ce wa yaro kai ni hoteli mai araha. Ya kai ni wani ɗan shago mai benci. Na ajiye jaka, na cire takalmi, na fara miƙe ƙafa, sai ga faranti an dire a gabana. Ashe hoteli a can gidan abinci ne. Na mayar da takalmina tun kafin a ce ƙamshin ma da kuɗi.

BAZAZZAGI: Da ka saurari ɗan malamai kafin ka tafi.

BAKANO: Ku da ba ku raba mace da namiji a magana, ku za ku koya mini yaren wasu? Daga ƙarshe dai muka isa wani tsohon gida mai hawa uku, ginin dutsen teku. Ƙofarsa ta katako, an sassaƙa ta da furanni da rubutun Larabci, wallahi ƙofar ta fi gidan daraja. Na ce wa yaron kanta, ina mai gida? Ya ce, Babu. Na ce innalillahi, yaushe aka yi rashin? Na ɗaga hannu na yi wa mamaci fatiha. Ina shafawa sai ga tsoho yana saukowa daga bene, da zane da hula, yana tari. Yaron ya nuna shi ya ce, Babu.

MAI SHAYI: Fatalwa!

BAKANO: Saura kaɗan in bar jakata a nan. Ashe babu a yarensu kaka ke nan. Shi kuma tsohon, mai shekara kusan tamanin, ya kama hannuna yana ce mini kaka, kaka. Na ce ni? Furfurata ba ta kai rabin taka ba. Wai kaka kuma a wurinsu ɗan'uwa ne, kamar ka ce yaya.

JAURO: Ƙasar da kaka yaya ne, babu kuma yana nan yana tari. Aradu da ni ne a ranar zan juyo.

BAKANO: Muka zauna ciniki a kan dakali. Ɗakin ƙasa mai fanka, sulai 2,000 na Kenya. Na taya 500. Ya ce pole pole, wato sannu-sannu. Muka yi awa guda, na rantse da cewa ni maraya ne, shi ma ya ce shi maraya ne. Can sai ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Na zaci Allah ya isa yake yi mini, ashe saman bene yake nufi. Sulai 700, har da karin kumallo.

BAZAZZAGI: Wato ɗaki ma ba ka samu ba.

BAKANO: Rumfa ce ta ganyen kwakwa, makuti suke ce mata. Gadon igiya, katifa kamar ƙosai ya kwana. Gidan sauro kuwa sunansa ya bi shi, gidansu ne, ni ne baƙo. Ramukan jikinsa, ɗan maraƙin Jauro zai wuce bai sunkuya ba. Ga zafi mai ɗanko, ba irin na Kano ba, wannan kana zaune kana yoyo kamar randa. Kyanwoyi kuma saman benen nan majalisarsu ce. Da ido ya fara rufuwa sai jakin makwabta ya ɗaga murya, na lungu bakwai su amsa masa.

MAI SHAYI: Ba ka yi ƙorafi ba?

BAKANO: Na yi mana. Na ce wa yaron kanta, wuta fa? Ya ce Babu. Tawul? Babu. Makullin ƙofa? Babu.

BAZAZZAGI: Ai cewa yake je ka tambayi tsohon.

BAKANO: Na je. Nan ma fassarar Hausar ce ta fito daidai.

JAURO: Wanka fa?

BAKANO: Yawwa, nan ne aka zalunce ni. A banɗaki akwai wani kwarmin ruwa da aka gina jikin bango, birika, sai ka ɗiba da moɗa. Na leƙa, sai na ga ƙananan kifaye suna iyo. Na ce ikon Allah, sulai 700 har da kifi! Na cire hula na tace su tas, guda tara, na kai kicin na ce a soya.

BAZAZZAGI: Wayyo Kano! Ai tsohuwar dabara ce ta gidajen Lamu. Da gangan ake zuba su, su ke cinye 'ya'yan sauro a cikin ruwan kafin su yi fiffike.

BAKANO: Haka Babu ya ce, yana kuka kamar na yanka masa rago. Wai na kori ma'aikatansa. Ya ci ni tarar sulai 300. Kifin kuwa da aka soya, duka taran ba su rufe cokali ba.

MAI SHAYI: Ai ga karin kumallo kyauta, sai ka fanshe a nan.

BAKANO: Kada ka tuna mini. Na tambayi lokaci, yaro ya ɗaga yatsu biyu ya ce saa mbili. Ƙarfe biyu. Na ce ko sahur suke yi a garin? Amma abin da na biya ba zan bar shi ba. Biyun dare na sauko da fitilar waya na zauna a tebur. Ni kaɗai sai kyanwa. Har aka kira assalatu ko ƙamshin hayaƙi. Na koma na kwanta da haushi, barci ya kwashe ni. Biyun rana na sake saukowa, aka ce an cinye tun safe.

BAZAZZAGI: Ai Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Suna dab da layin da ya raba duniya biyu, dare da rana kusan kai ɗaya duk shekara. Bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, ƙarfe biyunsu kuwa takwas ke nan.

BAKANO: Sai a rana ta uku na gane. Na sauko tun bakwai na tsare tebur. Aka kawo mahamri, wani fanke mai kusurwa uku da aka kwaɓa da madarar kwakwa, da wani wake shi ma cikin kwakwa, da shayi mai kayan ƙamshi. Na ce a haɗo da na kwana biyun da suka wuce. Yaro ya ce Babu.

JAURO: Da dare me kake ci?

BAKANO: Daren farko yaron ya ce mini yau akwai kuku da wali. Na ce a ci wa? Kukun da na gani da rana yana gaishe ni? Waliyyin kuma me ya yi muku, a watan Mauludi?

JAURO: La'ilaha illallahu! Mayu ne!

BAKANO: Kaza ce da shinkafa, Jauro. Amma da na ji kuɗin, na ce gara a bar kukun da ransa. Gyaɗar da na taho da ita daga Faringada na ci.

MAI SHAYI: To Mauludin fa? Ko shi ma babu?

BAKANO: A'a, wannan kam akwai. Ka ga filin Masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa, wani sharifi da ya zo daga tsibiran Komoros, ya rasu a 1935. Jama'a daga Mombasa, daga Zanzibar, daga Somaliya, fararen riguna har iya ganinka. Aka jera mandiri ana yabon Manzon Allah, tsofaffi na rausaya da sanduna a hannu. Ban san yaren ba, amma da aka kai ga salati sai na ji bakina ya bi. Da rana kuma tseren jakai a bakin ruwa, da tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska. Wallahi sai da na yi hawaye.

BAZAZZAGI: Allahu akbar. Ashe akwai zuciya a ƙarƙashin aljihun.

BAKANO: Musamman da aka fito da manyan farantan shinkafa da nama aka ce bismillah, ba ko sisi. A rana ta huɗu! Da na sani tun farko a can zan tare.

BAZAZZAGI: Na janye. Amma tsaya, wani hoto na gani a Facebook, an ce Babarbaren nan ya sa. Wani mai kama da kai, ɗaure da zane.

BAKANO: Ƙarya ake yi mini! Wato... gumi ne ya jiƙa babbar rigata, na wanke na shanya a saman bene. Wanki a ƙasa sulai 100 ne, na ce hannuna bai mutu ba. Iskar teku ta taso, ina kallo rigata da wandona suka nufi Manda ba tikiti. Babu ya ara mini zane, kikoi. Can duk maza haka suke ɗaurawa, har limamai.

JAURO: Ɗaurin ƙirji ka yi ko na ƙugu?

BAZAZZAGI: Bari mu yi lissafi, tunda Bakano ba ya jin wa'azi sai da alƙalami. Kwana biyar sulai 3,500. Tarar kifi 300. Shadda mai aiki ta tafi teku. Karin kumallo biyu sun salwanta. Jiya kuma an gan ka a kemis kana sayen allurar zazzaɓi.

BAKANO: Duk da haka da riba na dawo. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Surukin nawa ya bugo waya, wai in turo masa hoton ɗakina na Shela, 'yata na son gani.

MAI SHAYI: Me ka ce masa?

BAKANO: Na ce hoton yana wurin mai otal. Ya ce ya sunansa, na faɗa masa gaskiya.

Alhaji ya shanye rabin kofinsa, ya kaɗa shi ya sake kafa kai don kada sukari ya kwana a gindi. Ya juya baya, ya zaro dubu ɗaya daga aljihun ciki, ya murza ta sau uku ko biyu ce ta manne, sannan ya miƙa. Mai shayi ya jefa ta cikin gwangwani ya ci gaba da fifita wuta.

BAKANO: Kai, canjina fa?

MAI SHAYI: Pole pole, kaka. Canji yana wurin Babu.

BAKANO: Ni za ka yi wa Sawahilanci? Yaushe zan dawo in karɓa?

MAI SHAYI: Ƙarfe biyu.