Ɗana ya cika 21, sun mai da shi ɗan haya a gidan uwarsa

Wallahi raina ya ɓaci, kuma sai na faɗa. Kuɗin Universal Credit, tallafin da gwamnatin Birtaniya ke ba marasa ƙarfi, ya shigo, na tarar an zaftare fam 93.02 daga tallafin haya. Laifina shi ne ɗana na fari ya cika shekara 21 yana nan a gabana.

Na buga wa ofishinsu waya. Sai da na gaji da kiɗan jira sannan wata mata ta ɗauka, ko gaisuwa babu. Na ce mata yaron nan ba ya aiki, kullum yana yawon nema. Ta ce, "Kuɗin ɗaya ne, ko yana aiki ko ba ya yi." Na ce to a ina zai samo? Shiru, sai ƙarar yatsunta a kan kwamfuta. Can ta ce, "Ai baligi ne, ki karɓa a hannunsa." Na ce baiwar Allah, ni na haife shi, abincina yake ci, ko kuɗin bas ni nake ba shi. Ta ja dogon numfashi don in ji na dame ta, ta ce, "In ba zai iya biya ba, ƙila lokaci ya yi da zai nemi wurinsa. Da wani abu kuma?"

Ya nemi wurinsa! Ni za a koya wa korar ɗana, a waya, daga bakin wadda ba ta san ko sunansa ba? Kuma a ina? Yawanci wanda bai kai 35 ba, ba shi da iyali, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai ake ba shi, shi ma a wurare da yawa bai kai farashin haya a Ingila yau ba. In ya fita ɗin ma ban tsira ba. Gidan kansul nake, wato na ƙaramar hukuma, ɗakinsa zai zama "rara", a cire kashi 14 cikin 100 na haya, kamar yadda suke yi tun 2013. Gaba kura, baya sayaki.

Tun yana 18 aka janye mini ragin kashi 25 na harajin kansul. Yau wannan. In ka yi jinkirin sanar da su wani ya shigo ko ya fita, bashi ya hau kanka, har tarar fam 50 suna iya ɗorawa.

Gwamnati ce ta tsara wannan zalunci da gangan. Gwamnatin haɗaka ta jam'iyyun Conservative da Liberal Democrat ce ta kafa, jam'iyyar Labour ta hau a 2024 ta bar shi yadda ta same shi. A 2020 fam 75.15 ne, kowace shekara sai ya ƙaru. Suna kukan matasa na kwana a titi, alhali uwar da ta riƙe nata ita suke ci wa tara. Kuma kowane kai da nasa lissafi: ranar da ƙanwarsa ta cika 21, ninki biyu za su cire.