Gidan wankan Govanhill da kududdufin unguwarmu

Jama'a akwai wani tsohon gini a titin Calder nan Glasgow, a Scotland, da kullum na wuce ta gabansa sai na tuna gida. Gidan wankan Govanhill ne, an buɗe shi tun 1917, lokacin da yawancin gidajen unguwar ko wurin wanka babu, to nan ake zuwa a yi wanka, mata su kawo wanki, yara su koyi iyo, wuraren ninƙaya har uku ne a ciki.

A 2001 hukumar birnin ta ce za ta rufe, wai kuɗin kula da shi ya yi yawa. Wallahi abin da mutanen unguwa suka yi shi ne ya tsaya min a rai, shiga suka yi suka zauna a ciki dare da rana har kwana 140, Turawa da 'yan Pakistan da tsofaffi da matan aure, sai da aka turo 'yan sanda har da na kan dawaki kafin aka fitar da su. Kuma ko da aka garƙame ba su watse ba, ƙungiya suka kafa, suka yi ta bin lamarin shekara da shekaru, suka sake buɗe ɓangaren gaba ana taruka da koyon sana'a, har hannun jari suka sayar wa junansu don a tara kuɗin gyara. Aikin ya ja lokaci sosai, kuɗi na yankewa, amma ginin na tsaye kuma ba a sayar wa wani attajiri ba.

To mu fa? Ni a kududdufi na koyi iyo a Kano, cikin ruwan da kwatar unguwa ke zuba, kuma ba damunar da za ta wuce ba a ji yaro ya nutse ba. Wurin iyo mai tsabta sai a otal, ɗan talaka ina zai ga kuɗin shiga. Ba kuɗi kaɗai Govanhill suka fi mu ba, su gani suke ginin nasu ne, mu kuwa da an ce kayan gwamnati shi ke nan kowa ya zare hannunsa. Dubi badala yadda ake ta kwasar ƙasarta ana gini a kai muna kallo.

Kuma fa mun iya gayya, mun iya haɗa kuɗin masallaci da na taransifoma. In na je gida bana zan kai maganar gaban mai unguwa da matasanmu, ko katange kududdufin nan ne a fara yi kafin ruwa ya sauka.