Uwa ta rasa aiki, ɗa ya rasa gurbi a gidan raino

Shekaranjiya wajen ƙarfe goma na dare wata ƙanwata da muke zumunci a nan Ingila ta kira ni, muryarta na rawa. Kamfanin da take wa aiki ya rage ma'aikata, kuma sunanta na ciki. Na zaci maganar kuɗin haya za ta fara yi. Sai na ji ta ce, "Yaya, to awa talatin ɗin yaron nan fa? Za su karɓe?"

Ga waɗanda ke gida, bari in ɗan yi bayani. Tun Satumban 2025 gwamnati na biya wa iyaye ma'aikata a Ingila kuɗin rainon yara na awa 30 a mako, mako 38 a shekara, daga ɗan wata tara har ya shiga makaranta. Jeremy Hunt, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ne ya sanar da faɗaɗa shirin a kasafin Maris na 2023, aka yi ta shigo da shi kashi-kashi. Sharaɗin shi ne uba da uwa kowannensu yana samun aƙalla kuɗin aikin awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi, wanda a lissafin Afrilun 2025 ya kama kusan fam 195 ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma kada ɗayansu ya haura fam 100,000 a shekara. Duk wata uku sai ka shiga asusunka na hukumar haraji, HMRC, ka tabbatar cewa har yanzu kana kan aiki.

Ku lura da kalmar nan, kowannensu. Mijinta na aikinsa lafiya lau, amma tunda ita ta faɗi, gidan gaba ɗaya ya faɗi. Da yaron ya kai shekara uku, da ya tsira da awa 15 da ake ba kowane ɗan shekara uku da huɗu. Shekararsa biyu. Akwai awa 15 na 'yan shekara biyu ga gidajen da ke karɓar Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, in samunsu bai wuce fam 15,400 a shekara ba, sai dai albashin maigidan ya wuce nan. Sun fi ƙarfin tallafi, kuɗin raino kuma ya fi ƙarfinsu. Daga talatin sai sifili.

In faɗi gaskiya, ba a ranar ake yanke wa mutum ba. Akwai wa'adin sassauci da yaro zai ci gaba da zuwa, muddin dama ya riga ya fara. Amma a nan ne raina ya fi ɓaci, domin tsawon wa'adin ya dogara ne da ranar da lambarki, wato lambar shaidar cancanta da HMRC ke bayarwa, ta ƙare. In ta ƙare tsakanin 1 ga Janairu da 10 ga Fabrairu, kina da zuwa 31 ga Maris. In ta ƙare 11 ga Fabrairu, kina da har 31 ga Agusta. Kwana ɗaya tak tsakani, wata uwa ta samu mako bakwai, wata ta samu fiye da wata shida. Ofis ɗaya aka sallame su, takarda iri ɗaya aka miƙa musu. Wannan ai caca ce.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗin masu biyan haraji ne, an ware shi don masu aiki, ke da kike gida ki riƙe ɗanki. To wa ya ce mai neman aiki a gida take? Cike takardu, zuwa ganawa, wani lokaci jirgin ƙasa zuwa wani gari, duk da ɗan shekara biyu a goye? A nan babu kaka a ɗaki, babu maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ce, "Don Allah riƙe min shi, yanzu zan dawo." Kuma baiwar Allahn nan shekara da shekaru ana cire mata haraji tun kafin albashi ya shigo hannunta. Ranar da ta fi buƙatar a kama mata, ranar aka sake ta.

Sai kuma wutsiyar raƙumin, wato dawowa. A ce wa'adi ya ƙare, ta samu sabon aiki a tsakiyar Afrilu. Za ta iya neman lamba kafin ta fara, amma awannin ba sa soma aiki sai farkon zango, wato 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu ko 1 ga Satumba. In ranar ta wuce ta, sai Satumba. Wata huɗu da ɗoriya tana biya daga aljihunta, in ma gidan rainon bai ba wani gurbin ba, don layin masu jira dogo ne. Shi kuma yaro, da ya saba da masu kula da shi har ya daina kukan safe, sai a koma farko.

('Yan uwanmu da suka zo da bizar aikin kula da marasa lafiya, waɗanda aka rubuta musu ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, su ba ma sa cikin lissafin awa 30 ɗin. Wannan maganar wata rana ce.)

Ni dai a ganina gyaran ba shi da wuya. A sa wa'adi ɗaya ga kowa, wata shida daga ranar sallama, ko a Janairu aka kore ki ko a Yuli. Wadda ta samu aiki kuma a mayar mata da awanninta a makon da ta fara, ba sai zango ya zagayo ba. HMRC na ganin albashin kowa wata-wata, sanin wanda ya koma aiki ba zai gagare ta ba.

Na ce mata ta buɗe asusun ta karanto min ranar da lambarta za ta ƙare. Ta yi shiru tana dubawa, sannan ta ce 8 ga Fabrairu.