Aljanin da ya shiga bindigata

Duk wanda ya taso a shekarun 1990 ya san gem ɗin nan ɗan China mai kaset ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta wa wasa 9999 a jiki, in ka kunna ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta juya musu suna. A ciki akwai na harbin agwagwa, Duck Hunt, wanda asalinsa na kamfanin Nintendo ne tun 1984. Harsashi uku ake ba ka. Ka ɓarar da su, agwagwa ta yi sama abinta, sai wani kare ya leƙo daga cikin ciyawa yana ƙyalƙyala maka dariya. Karen nan ya raina ni tun ina firamare, kuma har yau ban yafe ba.

Bara ina kwashe tarkace a ɗakin Hajiyarmu na ci karo da namu, har da bindigarsa. Na kawo gida, na jona a filasmar falo, na tara yara na ce yau za su ga ko wane ne ubansu. Tau, tau, tau. Ko gashin agwagwa bai faɗo ba. Kare ya fito. Na matsa gaba, na kuma matsawa, har na manna bakin bindigar a jikin gilashi, daidai kan agwagwar. Kare ya sake fitowa. Autata ta dube ni ta ce, "Abba, karen ya san ka ne?"

Mai gyaran talabijin na bakin layinmu ne ya warware min. Ya juya bindigar ya ce, "Alhaji, ai wannan ba harbi take ba, kallo take." Ashe ɗan ido ne a cikin bututun. Da ka ja kunama, allon zai yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan wani farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwa take. In idon ya ga duhu sannan ya ga fari, ka samu. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana nuna hoto nan take. Filasma kuwa sai ta riƙe hoton ta yi masa kwalliya kafin ta sake shi, kafin farin ya iso bindiga ta riga ta gama kallo ta ba da hukunci. Shawararsa mai sauƙi ce: in nemi tsohuwar talabijin ko da ta gwanjo ce.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai raina ya raya min cewa akwati guda zan haɗa, irin dogayen nan na gidajen wasa a Amurka da Japan, da ake tsayawa a gabansu a jefa kwabo.

Na kai wa kafinta hoto. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yallaɓai, durowa ce ko kantar shago?" Haka dai ya ƙera, ya shafe shi da fenti. Ranar da aka sauke shi daga a-kori-kura, maƙwabcina ya leƙo ya yi min murna, wai Allah ya sanya albarka a sana'ar POS.

Na cusa tsohuwar kwamfuta a cikinsa, na ɗora mata manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injinan wasa na da. Na yi odar bindiga ta zamani. Ita ma kallo take, amma da kamara a hancinta. Ana manna wasu ƙananan ƙwayaye huɗu a gefunan allo, suna fitar da irin hasken da rimot ke aika wa talabijin, wanda idon mutum ba ya gani. Da su take gane inda ka nuna, kwamfuta kuma ta ɗauke ta tamkar linzaminta.

Dare uku na yi bindiga ba ta ko motsi a cikin wasa. Daga baya na gano layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti ake mayar da 0 ya koma 1. Kar ku tambaye ni yadda na ji.

Da ta fara aiki na ɗauko Lethal Enforcers, wasan kamfanin Konami na 1992, inda kake ɗan sanda, 'yan fashi sun shiga banki. In ɗan fashi ya fito a tsakiyar allo, sai dai wani ba shi ba. Amma da ya fito ta gefe, ni in saita shi, harsashi ya tafi kan wani bawan Allah da ya ɗaga hannu yana neman ceto. A wasan nan kuwa in ka harbi farar hula, rai guda ake cire maka. Cikin mako ɗaya na yi wa ma'aikatan bankin nan ɓarnar da 'yan fashin ba su yi ba.

Dalilin ma abin haushi. Wasannin da an zana su ne don allo mai awon 4:3, irin na tsohuwar talabijin mai ƙeya, nawa kuma mai faɗin nan ne na zamani, 16:9, shi ya sa hoton ke cin kashi uku cikin huɗu na faɗin allon, baƙi ya cike gefe da gefe. Ni kuma na yi wa bindiga saiti da kusurwoyin talabijin, ba na hoton ba. A tsakiya lissafin biyu sun haɗu, kana yin gefe suna rabuwa. Na fara gwada buɗe hoton ya cika allon, saiti ya daidaita, amma 'yan fashin suka koma gajeru masu tumbi kamar sun fito daga walima. Na mayar da shi yadda yake, na sake saiti da gefen hoton. Da rana kuma hasken taga na ruɗa kamarar, na sa labule mai kauri. Na ce to, an wuce wajen.

Sai aljani ya shigo.

Da safe lafiya lau. Da la'asar lafiya lau. Amma da na dawo daga sallar magariba na ɗauki bindiga, sai alamar saiti ta fara rawa, ta fizge ta yi ƙasa can kusurwar hagu, ta maƙale. In ɗaga ta, ta koma. Wajen ƙarfe goma na dare kuma ta warke sumul kamar ba ita ba. Kullum haka, ba fashi.

Na canja waya. Na canja ramin da nake jonawa. Na goge manhajar na sake ɗorawa. Na zargi ƙarancin wuta na sayo sitabilaiza. Na koma wurin mai gyara, ya zo da rana tsaka, bindiga ta yi masa ladabi kamar amarya a gaban suruka, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Ƙanena da ya zo ya ga abin da idonsa sai ya ja da baya ya ce, "Yaya, magariba ce fa. Kuma kullum kana kashe mutane a ɗakin nan." Na yi masa tsawa na ce ya daina camfi. Da ya tafi, na yi bisimilla na tofa wa bindigar. Ban ga laifin gwadawa ba.

A mako na uku na lura manhajar bindigar tana da wata 'yar taga da ke nuna abin da kamarar ke gani. Ɗigo huɗu ya kamata a gani. Na jira magariba ta yi, na buɗe. Biyar. Na biyar ɗin ya fi sauran girma, yana can ƙasa ta hagu, yana lumshewa yana buɗewa kamar mai numfashi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na bi saitin bindigar da ido a hankali, har ƙasa.

Kaskon turaren wuta ne, a gindin akwatin, garwashi ya yi jajir.

Na ƙwala wa uwargida kira. Ta fito tana goge hannu ta ce, "Abbansu, lafiya?" Na ce wa ya ajiye wannan a nan? Ta ce ita ce, tun ranar da aka kawo akwatin, don warin fentinsa ya hana ta sakat a falo. Na shiga yi mata bayani cewa garwashi na fitar da irin hasken ƙwayayen nan, har ya fi su ƙarfi, shi ya sa kamarar ke ɗaukarsa ɗan'uwansu. Na lissafa mata kuɗin waya, da na sitabilaiza, da na mai gyara. Ta saurara tsaf, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Wato in kaskon yana nan, wasan ba ya yiwuwa?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Allah sarki," ta ɗauke shi ta kai ƙuryar ɗaki.

Yanzu da magariba bindiga lafiya lau take. Sai dai in ƙarfe tara ta wuce ban tashi daga gaban akwatin ba, ba ta cewa komai. Ina cikin fafatawa da 'yan fashi sai in ji ƙamshi ya taso ta hagu.