Hanyar Zariya daban, ta Kaduna daban

Malam mai rahoto, sannu da ƙoƙari. Kun jero muƙaman Laftanar Janar Faruk Yahaya daidai: ɗan Sifawa ta jihar Sakkwato, hafsan sojan ƙasa, ya riƙe runduna ta ɗaya a Kaduna, ya jagoranci yaƙi da Boko Haram daga Maiduguri, sannan ya zama babban hafsan sojojin ƙasa a Mayun 2021 bayan rasuwar Janar Ibrahim Attahiru a hatsarin jirgi. Allah ya jiƙan sa.

Amma kun bar abin da ya fi damun mu a karkara. Nan ƙauyukan Ringim da Taura samari suna son kaki, sai dai yawancinsu hanya ɗaya suka sani, wato Defo na Zariya, inda ake horar da kurata. Janar kuwa ta NDA ya bi, wato makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, ya fito da anini a kafaɗa a 1990. Ita NDA sai da sakamakon sakandare mai kyau, har da Turanci da lissafi, ga JAMB a gaba. To makarantar da malamin lissafi ɗaya ke zagaya duk azuzuwa, yaushe za ta fitar da hafsa?

Kuma ko an shiga, ba a tashi janar da safe. Akwai kwasa-kwasai a Jaji, akwai jarabawar ƙarin girma, akwai daji. Shi kansa sai da ya haura shekara 30 yana aiki kafin ya hau kujerar, 2023 kuma ya sauka.

Don Allah ku riƙa sanar da lokacin buɗe fom ɗin NDA a rediyo, iyayenmu can suke jin labari.