Wa Ya Zaɓa Maka Kulob? Nasiha Ga Matasan Gidajen Kallo

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman ku da kuke cika bencinan gidajen kallon ƙwallo na Katsina daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa da Sabuwar Unguwa, har da ƙannenmu na Daura. Kafin Asabar ta zagayo, kowa ya tambayi kansa: a wace shekara na fara son kulob ɗina, kuma wa ke zaune kusa da ni a ranar?

Wanda ya amsa tsakaninsa da Allah zai tarar ba shi ya yi zaɓen ba. Son kulob yana kama yaro tun bai san satar gida ba, tun bai iya nuna Landan a taswira ba. Galibi yayansa ne ko kawunsa ya riƙe mashi hannu, ya biya mashi kuɗin shiga, ya zaunar da shi a gaban benci. Aka ci, Yaya ya daka tsalle, shi ma ya daka. Da sallah aka sayo mashi jesi a gwanjo, shi ke nan an ɗaura aure. Wani kuma ta bayan gida abin ya zo: yayansa ɗan Madrid ne mai yawan aike da ranƙwashi, sai ya koma Barca don ya samu inda zai rama. Gidaje nawa ne a garin nan aka raba ɗaki biyu a kan haka?

Bayan Yaya da kawu, ƙofa ta biyu ɗan ƙasa ne. Shi ya sa in ka ji kulob ɗin mutum za ka iya kintatar shekarunsa. Manyan yayyenmu da furfura ta fara tsiro masu, da yawansu 'yan Arsenal ne, kuma dalilin Nwankwo Kanu ne. Ya ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996, ya koma Arsenal a 1999, a watan Oktoban shekarar Chelsea na gaba da ci 2 da nema a gidanta ya zura uku shi kaɗai cikin minti 15 na ƙarshe. Sai ga kakar 2003 zuwa 2004 da Arsenal ta buga wasa 38 na Firimiya ba a doke ta ba. Yaron da ya ga wannan, ina za shi? Na bayansu Chelsea ta kwashe su: attajirin Rasha Abramovich ya saye ta a 2003, Mourinho ya ɗauki Firimiya a 2005 da 2006, ga Drogba, ga Essien, ga Mikel Obi da ya zauna daga 2006 zuwa 2017, ya ɗago kofin Zakarun Turai a 2012. Manchester United kuwa kofi ne ya kawo mata jama'a, don Ferguson ya ɗauki Firimiya sau 13 kafin ya ajiye aiki a 2013. Barcelona ta samu nata ta ƙafar Ronaldinho da Eto'o, Messi ya zo ya rufe ƙofa. Liverpool ta ƙara jama'a a Arewa ranar da yara suka ga Salah da Mane suna sujada bayan sun ci ƙwallo. 'Yan Manchester City kuwa, ku yi haƙuri, kafin Larabawan Abu Dhabi su saye ta a 2008 ko allon gidan kallo ba ya cika ɗaukar sunanta.

Akwai kuma waɗanda ba kulob suke bi ba, mutum suke bi. Ronaldo ya bar United a 2009 suka tattara suka bi shi Madrid, a 2018 suka bi shi Juventus, a 2021 suka dawo United, a 2023 suka tsinci kansu suna neman tashar da ke nuna gasar Saudiyya. Haka aka yi da Leicester: Ahmed Musa ya je a 2016, Ndidi da Iheanacho suka biyo, aka ɗauki kofin FA a 2021, jesinta ya bazu a unguwanni. Ta faɗi daga Firimiya a 2023, yau ka neme su. Na baya-bayan nan ma a shagon gem suke zaɓa, kulob ɗin da ya fi gudu a PlayStation shi ne nasu.

Duk wannan ba abin kunya ba ne. Ko ɗan a bi yarima a sha kiɗa bai yi laifi ba, nishaɗi ya fito nema. Abin da muke so ku gane shi ne, abin da ya same ka ta hanyar jesin gwanjo da tsallen Yaya bai kai ka ɓata da maƙwabcinka a kansa ba. Da a ce kawun ɗan Chelsea ne ya fara kai ka kallo, da yanzu kana can ɓangaren da kake zagi, da irin wannan jijiyar wuyan.

Faɗan gidan kallo ba ya faɗowa daga sama, hawa-hawa yake zuwa, kuma kullum tsanin ɗaya ne. Ana farawa da zolayar kulob, wannan halas ne, shi ne ma gishirin kallon. Daga nan a koma musu ba tare da an tsayar da ma'auni ba: wannan yana ƙirga kofunan Zakarun Turai, wancan yana ƙirga wanda ya ci wani a haɗuwar ƙarshe, na uku yana maganar iya taka leda. Mutum uku, awo uku, ko za a kwana ba za a daidaita ba. Da hujja ta ƙare sai a bar kulob a koma kan mutum: kai da ko aikin yi ba ka da shi, kai da ka zo daga ƙauye. Mataki na gaba iyaye ne, kuma da an ambaci uwa ko uba maganar ƙwallo ta mutu, abin da ya rage benci ne da kwalba. To a tare shi a hawa na biyu. Kafin a fara musu a yarda a kan abin da ake aunawa, in adadi ne a ciro waya a duba, minti ɗaya ya isa. Zolaya ta tsaya a kan kulob da koci da 'yan wasa. Iyaye, gari, sana'a, aƙida da halittar mutum ba sa cikin wasan. Suratul Hujurati aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ba ta kuma cire ranar wasan Madrid da Barca ba. Wanda aka lallasa kulob ɗinsa a ba shi minti goma bayan busan tashi kafin a taɓa shi, don a lokacin ne jini ke kan akaifa. In kuma kai ne ka san ba ka iya shanye tsokana, tashi ka tafi ana saura minti biyar. Ba ragwanci ba ne.

Ku tuna da su waɗanda ake faɗan dominsu. Ana tashi za ka gan su suna rungumar juna, suna musayar riga, kowa albashinsa na mako yana shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai sallah, kuma a nan lissafin agogo ne kawai. Ingila tana sauya agogonta sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris muna gabansu da awa ɗaya, sauran watannin agogonmu ɗaya. Don haka a lokacin sanyi wasannin Asabar suna zuwa mana da 1:30 na rana, da 4:00, da 6:30. Na ƙarfe 4:00 yana faɗawa kan La'asar daidai, to a yi ta a masallacin da ke tayarwa da wuri, ko a haƙura da mintunan farko. Ai ana maimaita ƙwallon da aka ci. Daga Nuwamba zuwa farkon Janairu na 6:30 yana farawa an idar da Magariba, Isha'i kuma tana zuwa wajen hutun rabin lokaci; a Fabrairu da Maris kuwa Magariba tana faɗawa kan farkon wasan. A Satumba da Oktoba wasan yamma 5:30 yake farawa, Magariba tana riskarsa wajen hutun rabin lokaci, ko kaɗan kafinsa ko kaɗan bayansa, kuma ita ce ake yawan asara saboda lokacinta gajere ne. Hutun rabin lokaci minti 15 ne. Wanda ya shigo da alwalarsa, ya zauna a bakin ƙofa, ya kuma zaɓi gidan kallon da ke kusa da masallaci, zai yi sallarsa cikin jam'i ya dawo bai rasa abin kirki ba. Wanda ya ƙule a tsakiyar benci babu alwala, shi ne mai cewa bari a tashi, daga nan sai haɗa Magariba da Isha'i ba tafiya ba ruwan sama. Wasan Zakarun Turai na ƙarfe 9:00 na dare yana ƙarewa wajen 11:00, in aka je ƙarin lokaci da fenariti sai kusan 12:00. Ba wasan ke cinye Asuba ba, zaman mai shayi na bayansa ne da musun WhatsApp har ƙarfe biyu. Ɗalibi mai jarrabawa da mai fita kasuwa da sassafe su zaɓi dare ɗaya, Talata ko Laraba, ba duka ba.

Kuɗi ma a ƙirga. Babban kulob yana buga wasa 38 na lig, da aƙalla 8 in yana gasar Zakarun Turai, da na ƙananan kofuna, a ce 50 a kaka. In gidan kallonku naira 200 yake karɓa, naira 10,000 ke nan, ban da data da shayi da kuɗin acaɓa. Wannan mai sauƙi ne in daga guminka ya fito, ba daga kuɗin cefanen Inna ba.

Mai tsadar ita ce caca, kuma ta ƙofar son kulob take shigowa. Yaro yana ganin tunda ya san 'yan wasa goma sha ɗaya da benci, ya san wanda ya ji rauni, ai ya san sakamako. To ga lissafi. A ce kowane wasa da ka zaɓa, cikin goma kana da bakwai na dacewa, wanda ma ya yi yawa. In ka haɗa wasa biyu a tikiti ɗaya, damarka ta koma 49 cikin 100. Wasa biyar, wajen 17 cikin 100. Wasa goma, ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, "saura ɗaya ta yanke mani." Ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin, kuma kamfanin ya riga ya cire ribarsa a cikin farashin da ya ba ka tun kafin a take wasa. Daga nan sai bin asara, sai bashi, sai wayar ƙanwa ta ɓace a gida. Hatta daɗin kallon tana kashe shi: za ka ga ɗan United yana addu'ar a zura wa United ƙwallo don tikitinsa ya ce kowa zai ci. Hukuncinta kuwa ba ɓoyayye ba ne, Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ta jera ta da giya, ta kuma faɗi abin da take haifarwa: gaba, ƙiyayya, da shagala daga sallah. Cin wayar aboki ko jesinsa a kan "in kun ci mu" shi ma caca ne, ko da babu shago babu tikiti.

Masu gidajen kallo, janareto ya zauna a waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri ba tare da an ji wari mai yawa ba. Ƙofa ta zama biyu. Ranar babban wasa kada a karɓi kuɗin mutum fiye da wurin zama, don yawancin rigima daga "ka tare mani" take tashi.

Yanzu ga wadda ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Matashi zai lissafo maka masu tsaron bayan Arsenal har da na benci, amma ka ce ya kira 'yan wasan Katsina United uku sai ya hau susar ƙeya. Ga filin Muhammadu Dikko a Karkanda, mai ɗaukar mutum kusan 35,000, ga wasannin gida 19 a kakar gasar Firimiyar Najeriya, galibi da ƙarfe 4:00 na yamma. A nan ne kaɗai ihunka yake isa kunnen ɗan wasa, kuma kuɗin tikitinka yake zama a garinku. Ba wanda ya ce ka bar Madrid, zuciya tana ɗaukar biyu. Amma goyon bayan gida yana da ƙa'ida. Sayi tikiti, kada ka haura katanga ko ka tsaya neman alfarma a ƙofa. Yi La'asar kafin ka shiga. Kada ka jefa ko ledar ruwa cikin fili, kada ka bi alƙalin wasa ko motar baƙi, don hukumar gasar kulob take hukuntawa: tara, ko buga wasa babu 'yan kallo, ko kwashe wasannin gida zuwa wani gari, ko cire maki. Mun gani a 2022, da aka tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a Kano ba a gama ba, aka farfasa motar 'yan wasanmu, aka cire wa Pillars maki uku. Kulob mai kofin lig huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya faɗi daga gasar a ƙarshen kakar, mu ma muka faɗi tare da su, sai a 2023 aka dawo. Kada wani ya karanta wannan ya ce halin Kanawa ne. Masu jifa akwai su a kowane fili, har da namu. In aka rufe Karkanda, mai rake da mai ruwan sanyi da ɗan acaɓan da ke jiran a tashi su ne suke kwana da yunwa.

Kai da kake da ƙane ɗan shekara tara da ke binka da ido duk ranar wasa, yanzu kai ne Yayan da muka faɗa a sama. Duk inda ka fara kai shi can zai tsaya, kuma duk kalmar da ya ji ka jefi ɗan wani kulob da ita, gobe a makarantar allo zai maimaita ta. Duba jadawali, ka ga Lahadin da Katsina United take gida, ka tanadi kuɗin tikiti biyu da na rake, ku zauna a sama inda babu turereniya, ku fito kafin cunkoson ƙofa.